Oldham bayan injin kaɗi ya yi shiru

Ina da shekara bakwai aka kawo ni Oldham ta Ingila, a ƙarshen 1972, cikin wani sanyi da har yau ban manta shi ba. Mahaifina ya riga mu zuwa da shekara biyu. Ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri ta Kaduna, ya zo ƙaro ilimin sarrafa zare a wata kwalejin fasaha ta yankin Lankasha, da ya gama ya samu aiki a wani kamfanin kaɗi, sai ya aiko aka ɗauko mu ni da Inna. Abin da idona ya fara gani daga tagar mota shi ne dogayen bututun hayaƙi, da manyan gine-gine na jan bulo masu hawa biyar ko shida, da gidaje a jere manne da juna kamar an zare su a igiya. Da yamma mata kan fito daga aiki da farar ƙurar auduga a gashinsu da kafaɗunsu. Na tambayi Baba ko furfura ce, ya yi murmushi ya ce, "A'a, yaro, abincinmu ne ka gani a kansu."

Yau na haura shekara 50 a wannan gari. A nan na yi makaranta, a nan na yi aure, a nan na binne iyayena. Na yi aiki a masaƙa, na yi a rumbun ajiyar kaya, sannan na shafe fiye da shekara 30 ina tuƙin bas. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka nake ganin ina da bakin magana a kan gardamar da ake ta yi a Ingila game da garuruwa irin namu: me ya same su, kuma laifin wa? Amsata ita ce aikin da ke riƙe da gari aka bari ya tafi, aka ƙi kawo wani mai daraja irin tasa, sannan aka shekara 40 ana neman laifin a jikin mutanen da aka bari a baya. Wani lokaci a ce baƙi ne suka ɓata garin. Wani lokaci a ce 'yan asalin garin ne jahilai masu ƙyamar baƙi. Duk maganganun biyu na ji su a bayan kujerata ta direba, kuma duk biyun sun kauce wa inda gizo ke saƙar.

Wanda bai san Oldham ba zai yi wuya ya yarda da abin da ta taɓa zama. Gari ne a kan tudu, arewa maso gabas da Manchesta, ba kogin kirki, ba ƙasar noma. Amma a 1911 akwai mazarin inji sama da miliyan 16 yana juyi a nan, wato fiye da ɗaya cikin goma na duk mazarin injin da ke duniya a lokacin. Masana'antun kaɗi sun haura 360. Kamfanin Platt Brothers, mai ƙera injunan kaɗi da saƙa, ya kai ma'aikata 15,000 a ƙarshen ƙarni na 19, kuma injunansa sun je Indiya da Japan da Rasha. Winston Churchill ma daga nan aka fara zaɓensa ɗan majalisa a 1900.

Baba yana son ya riƙa tuna mini cewa zaren da ya ɗaure mu da wannan yanki ya girme shi. Yunwar auduga ta masaƙun Lankasha ce ta sa aka kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya a Manchesta a 1902, wadda ta dasa injunan gurza a Zariya da Funtuwa. Layin dogo da ya isa Kano a 1911, auduga na cikin abin da aka shimfiɗa shi dominsa, ko da yake gyaɗa ce ta cika taragun daga baya. Masaƙar farko ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na garin Rawtenstall aka gina ta, kuma Rawtenstall ba ta da nisa daga ƙofar gidanmu. Shi ya sa Baba bai taɓa jin shi baƙo ne a gaban inji ba. Ya san ƙarar, ya san warin mai da auduga, ya san inda zare ke tsinkewa.

Kada wani ya ɗauka kukan tsohon zamani nake yi. Na shiga masaƙa a 1981 ina ɗan shekara 16, na san abin da ke ciki. Zafi da gumi, domin zare na son iska mai laima. Ƙara mai kashe kunne, har tsofaffin mata sun iya karanta leɓen juna daga wannan bango zuwa wancan, kuma da yawansu sun tsufa da kurumta. Ƙurar ɗakin shaƙe auduga tana zama a huhu, mutum ya dawo aiki ranar Litinin ƙirjinsa ya ɗaure, bayan shekaru ya kasa hawa matakalar gidansa. Tarin da ya raka mahaifina kabari daga can ya samo shi. Albashin ma bai taka kara ya karya ba. Duk wanda ya ce a mayar da wancan aiki yadda yake, bai taɓa tsayuwar awa takwas a cikinsa ba.

Sai dai akwai abin da masaƙa ke bayarwa wanda ba a rubuta shi a takardar albashi. Yaro ya bar makaranta ranar Juma'a, Litinin yana da wurin zuwa, da babban da zai tsaya a kansa ya koya masa, ya tsawata masa in ya makara. Ya san in ya yi haƙuri zai tashi daga mai share ƙasa zuwa mai kula da inji, daga nan zuwa mai gyara. Ya san kuɗin da zai shigo hannunsa kowane mako, don haka zai iya neman aure, ya karɓi bashin sayen ɗan ƙaramin gida, ya biya a hankali. Gari kuma yana da agogo ɗaya. Idan lokacin hutun shekara ya zo, masana'antu duka kan rufe tare, a yi ta tururuwa zuwa bakin teku a Blackpool, titunan Oldham su zama wayam. Ƙungiyar ƙwadago, da kulob ɗin ma'aikata, da ƙungiyar masu busa ƙaho, da kasuwar Tommyfield inda Inna ta koyi Turancinta wajen masu sayar da kifi da dankali, duk a kan wannan albashi na mako-mako suke tsaye. Wadda ta koya mini ɗaura zare wata dattijuwar Baturiya ce da ta shiga masaƙa tun tana 'yar shekara 14. Ba ta taɓa iya faɗin sunana daidai ba, amma ranar da aka yi mini ihun wariya a bakin ƙofa, ita ta fito da tsintsiya a hannu. Ba don ta karanta wani abu a kan zaman tare ba. Ni yaron injinta ne, shi ke nan.

A nan ne nake rabuwa da masu cewa baƙi ne suka kashe garin. Lokacin da mutanen Mirpur na Pakistan da na Sylhet ta Bangladesh suka fara zuwa da yawa a shekarun 1960, sana'ar ta riga ta kama hanyar mutuwa. Indiya da Japan da Hong Kong suna yin yadi mai araha, wani ma da injunan da aka ƙera a Oldham. A 1959 majalisar dokoki ta yi dokar da ke biyan masu masaƙa diyya su farfasa tsofaffin injuna. Waɗanda suka rage suka sayi sababbi masu tsada, kuma inji mai tsada ba ya mayar da kuɗinsa sai yana aiki dare da rana. Doka a lokacin ta hana mata aikin dare a masana'anta, mazan gari kuma sun samu abin da ya fi a kamfanonin ƙere-ƙere irin su Ferranti da na jiragen sama a Chadderton. Sai aka nemo waɗanda za su yi daren. Baƙin nan su suka ƙara wa masaƙun Oldham shekara 20 na rai, kuma albarkacin aikin darensu ne 'yan rana suka ci gaba da karɓar albashi.

Amma dubi yadda aka tsara abin. Baturen gari na rana, ɗan Asiya na dare, suna haɗuwa a bakin ƙofa minti biyar, wannan na shiga wancan na fita. Baƙo ya sayi gida inda kuɗinsa ya kai, wato tsofaffin unguwanni irin Glodwick da Westwood da Coldhurst. A farkon shekarun 1990 hukumar da ke sa ido kan wariyar launin fata ta binciki yadda ake rabon gidajen gwamnati a garin, ta kuma gano ana ware mutane. Duk da haka, muddin injin na juyi, akwai wurin da ake gamuwa, akwai ƙungiya ɗaya, akwai abokin gaba ɗaya in an rage albashi. Da injin ya tsaya, wannan ɗan siririn zare ma ya tsinke. Wancan ya koma unguwarsa yana tuƙa tasi ko soya kaza, wannan ya koma tasa yana jiran kuɗin tallafi, 'ya'yansu suka tashi a makarantu daban ba su taɓa cin abinci a tebur ɗaya ba.

Ina kan aiki a daren ƙarshen watan Mayu na 2001 da rikici ya ɓarke a Glodwick. Aka ce mu mayar da motoci gareji. Na ga hayaƙi, na ga samarin da na san iyayensu suna jifan 'yan sanda, na kuma san 'yan tsokanar wariya sun yi makonni suna shigowa garin daga waje suna hura wuta. Bayan 'yan kwanaki aka yi babban zaɓe, shugaban jam'iyyar wariya ta BNP ya samu sama da kashi 16 cikin ɗari a ɗaya daga mazaɓun garin. A watan Disamba rahoton Ted Cantle, wanda gwamnati ta sa ya binciki irin wannan rikici, ya fito yana cewa al'ummomin na rayuwa ne gefe da gefe ba sa gamuwa. Gaskiya ya faɗa. Abin da ya dame ni shi ne yadda 'yan siyasa suka ɗauki maganar suka mayar da ita ta addini da harshe da sutura kawai. Aka yi ta shirya tarukan shan shayi tsakanin masallaci da coci, aka haɗe wasu makarantu. Na halarci irin waɗannan taruka, ban raina su ba, na san mutanen kirki da suka ba da ransu a kai. Amma shayin wata ɗaya sau ɗaya ba ya yin abin da shekara 20 a gefen inji ɗaya ke yi. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Wanda ya rufe masana'anta yana Landan ko ma wata ƙasa, ba a ganinsa. Maƙwabci kuwa ga shi nan kullum a layin asibiti.

Masu ilimin tattalin arziki za su ce mini auduga ba ta cetuwa, kuma na yarda. Ba gwamnatin da za ta iya sa zaren Oldham ya yi gogayya da na ƙasar da ake biyan ma'aikaci ɗan abin da bai kai kuɗin bas ɗinmu ba. Kakuri ma da albashinta bai kai namu ba, ai ta bi sahu: masaƙar da Baba ya fara aiki a irinta ta rufe a farkon shekarun 2000, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya. Na je Kaduna na ga ciyawa ta cinye harabar, na ga tsofaffin abokan Baba, kuma fuskokinsu iri ɗaya ne da na dattawan da nake ɗauka a bas. Mutuwar auduga ƙaddara ce ta kasuwar duniya. Abin da ya biyo baya kuwa zaɓi ne da mutane masu suna suka yi a ofisoshi.

A 1982, shekarar da marasa aikin yi a Birtaniya suka haura miliyan 3, aka rufe masana'antar Platt ta Oldham. Wannan ba kaɗi ba ne, ƙira ce, aikin ƙwararru da ake shekara biyar ana koyo. Ferranti ya durƙushe a 1993. Masaƙar Elk, ta ƙarshe da ke kaɗa auduga a yankin, ta tsaya a 1998, aka rushe ta aka gina kantuna a filin. Masana'antar jirage ta Chadderton ta rufe a 2012. A kowane mataki an gaya mana kasuwa za ta kawo wani abu. Ta kuwa kawo. Ni kaina, da masaƙarmu ta sallame mu a 1984, na samu aiki a wani tsohon ginin kaɗi da aka mayar rumbun ajiyar kayan da ake oda ta gidan waya. A lokacin aiki ne na dindindin, da fansho, da hutu. Shekaru na tafiya sai aka koma ɗaukar mutane ta hannun 'yan kwangila, ba ka da tabbacin awa nawa za ka yi a mako, ba ka san gobe ba sai saƙo ya shigo wayarka. Daga baya rumbunan ma suka tattara suka koma tsakiyar ƙasa, inda manyan hanyoyi suka haɗu kuma na'ura ke yin rabin aikin. Wa zai ba ka bashin gida da irin wannan takarda? Wace yarinya za ta gaya wa iyayenta ga abin da mai nemanta ke samu?

Abin da aka fi ba mu a madadin aiki shi ne gini. An yi babbar cibiyar kantuna a tsakiyar gari aka sa mata sunan mazari, Spindles. An kawo jirgin cikin gari ya iso Oldham a 2012, ya ratsa tsakiyar gari a 2014. Jirgin na da amfani, ina hawansa. Amma da safe cike yake zuwa Manchesta, da yamma cike yake dawowa, kuma duk yaron da ya yi karatu mai zurfi wata rana ba ya dawowa. 'Ya'yana biyu suna can. A 2016 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar da nazarin da ya sa Oldham a kan gaba cikin garuruwan Ingila wajen talauci da rashi. A wannan shekarar ce kusan kashi 61 cikin ɗari na masu zaɓe a nan suka ce a fita daga Tarayyar Turai. Ni ban zaɓi fita ba, na kuma yi gardama da abokan aikina har murya ta dushe. Amma da na ji masu sharhi a talabijin suna kiransu jahilai, raina ya ɓaci. Mutumin da aka shekara 30 ana ce masa ya yi haƙuri arziki na tafe, ran da aka miƙa masa takarda ɗaya da za ta girgiza na sama, me ake tsammani zai yi da ita? Cikin waɗanda suka zaɓi fita har da jikokin 'yan aikin dare, na san su. A 2017 jaridar garin, wadda aka kafa tun 1854, ta daina fita. A 2023 aka rufe gidan wasan kwaikwayo na Coliseum bayan an janye masa tallafi. Ƙungiyar ƙwallonmu, da ke cikin waɗanda aka kafa gasar Firimiya da su a 1992, ta faɗo daga rukunan ƙwararru gaba ɗaya a 2022, ko da yake ta dawo a 2025, kuma ranar na ga dattawa na hawaye.

Dalilin da ya sa na dage cewa zaɓi ne, a sana'ata na gan shi. A watan Oktoba na 1986 aka saki harkar bas a hannun kasuwa a ko'ina ban da Landan. Na fara tuƙi ba da jimawa ba bayan haka, na ga abin da ya faru da idona. Hanyar da ke da riba motoci su yi ta tsere a kanta, unguwar da ke kan tudu mai tsofaffi da yawa a janye mata motar yamma. Kuɗin mota ya yi ta hawa. Mai aikin asuba a rumbu ya rasa abin hawa, ya ƙare rabin kuɗin awarsa ta farko a tasi. Shekara kusan 40 ana ce mana haka duniya take, ba yadda za a yi. Sai ga shi magajin garin yankin Manchesta, Andy Burnham, ya mayar da tsara hanyoyi da farashi hannun hukuma. Aka fara a 2023, ya iso Oldham a watan Maris na 2024, motoci suka koma ruwan ɗorawa, tafiya ɗaya fam 2. Ba a gyara komai da komai ba, har yanzu ana makara, direbobi na da ƙorafinsu. Amma abin da aka rantse ba ya yiwuwa ya yiwu, domin wani ya yanke shawara. In an iya yi wa bas, ban ga abin da zai hana a yi wa aikin kula da tsofaffi ba, wanda dubban matan garin nan ke yi a kan mafi ƙarancin albashi, suna gudu daga gida zuwa gida. Ban ga abin da zai hana duk kamfanin da ya ci kwangilar hukuma a tilasta masa ɗaukar 'yan koyo daga unguwannin garin duka ba, na Glodwick da na Fitton Hill ta Turawa a benci ɗaya, da takardar aiki mai awanni sanannu. Dubban tsofaffin gidajen jan bulon nan na buƙatar a toshe musu sanyi a sauya musu na'urar ɗumama ɗaki, aikin shekara 20 ne ga masu hannu, kuma ba a iya ɗauke shi a kai wata ƙasa.

Garejin bas shi ne wuri na ƙarshe da na sani a garin nan da ya yi kama da masaƙa. A ɗakin shan shayinmu akwai jikan masu kaɗi, da ɗan Mirpur, da ɗan Sylhet, da ɗan Poland, da ni. Muna faɗa a kan siyasa da ƙwallo, amma in azumi ya zo akwai mai karɓar mini zagayen magariba, ni kuma in karɓar masa na Kirsimeti. Ba wanda ya shirya mana taro a kan haka. Jadawalin aiki ne ya haɗa mu.

A shekarata ta ƙarshe kafin in ajiye aiki, nakan ja motar farko ta asuba a hanyar da ta taso daga Rochdale ta ratsa Oldham zuwa Ashton. Akwai wani saurayi da ke shiga kusan kullum, sanye da rigar leda mai ƙyalli ta 'yan rumbu, ba zai wuce shekara 19 ba. Yakan ce mini "Kawu" da Turancinsu na unguwa, ni ma ina kiransa ɗana. Wata safiya ya biya kuɗi ya zauna, ba mu yi tasha uku ba wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya danna ƙararrawa, ya zo kusa da ni ya ce an ce yau ba a buƙatarsa. Na buɗe masa ƙofa a gaban wani tsohon ginin kaɗi da tagoginsa duk an toshe da katako. Ya tsallaka titi cikin yayyafi, ya tsaya a ɗaya gefen yana jiran motar da za ta mayar da shi gida.